Daga zangon ayari zuwa zangon terahaz: yadda saƙo ya yi ta tafiya a Damargu



Kwanan baya muna zaune a majalisa bayan la'asar, wani yaronmu ɗan jami'a da ya zo hutu ya kawo labarin cewa masana a Japan da Amurka suna ƙera ƙwayoyin kwamfuta masu magana da junansu ba tare da waya ta haɗa su ba, da wata igiyar rediyo da ake kira terahaz. Wani dattijo ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: "To ɗana, mu da in ka bar gudro ka shiga daji kaɗan rezo ke ɗaukewa, ina ruwanmu da wannan?" Aka yi dariya. Amma tambayar baba ta cancanci amsa, kuma amsar tana cikin tarihinmu. Shi ya sa yau muka ce bari mu bi sawun saƙo a ƙasar nan, tun daga zamanin raƙumi.

LOKACIN DA LABARI KE TAFIYA DA ƘAFA

Damargu ƙasar hanya ce tun asali. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gat da Abzin, nan yake ratsawa kafin ya kai Damagaram da Kano. Abzinawa masu ɗauko gishirin Bilma nan suke sauke shi su ɗauki gero, har aka san ƙasarmu da sunan rumbun Abzin. Duk ayarin da ya sauka a zango, ban da kaya yana ɗauke da labari: nawa ake sayar da turkuɗi a Kano, wace rijiya ta ƙafe, wa ya tare hanya, wane sarki ya rasu. Madugun da ya riga wani jin labari shi ke cin kasuwa, wani lokacin ma shi ke tsira da ransa.

Sai dai labarin ba ya wuce saurin dabbar da ta ɗauko shi. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne. Raƙumi mai kaya yakan ci kamar kilomita 30 a wuni, ke nan kwana huɗu zuwa biyar kafin a ji abin da ya faru a birni.

Ga misalin da aka rubuta. A watan Janairun 1851 Turawa uku suka iso Damargu tare da ayarin gishiri na Kel Owi: James Richardson ɗan Ingila, da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdul Karim. A Tagelel suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano, Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir, da alkawarin za su haɗu a Kukawa ta Barno. Richardson ya rasu a hanya cikin watan Maris, kuma Barth bai ji ba sai bayan makonni, daga bakin wani matafiyi da suka yi kiciɓis da shi. Shi kansa Barth, da ya daɗe a tafiyarsa ta Tumbutu wasiƙunsa ba su isa ba, sai aka baza a Turai cewa ya mutu, alhali yana nan da ransa. Sai 1855 ya koma gida.

WAYAR KUMANDAN

Faransawa sun shigo ta wannan hanyar. Rundunar Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya a ƙarshen 1898, ta ratsa Abzin da Damargu, ba ta isa Damagaram ba sai watan Nuwamban 1899, fiye da shekara guda a hanya. Bayan sun kafa mulki suka yi bariki a Jajiduna, daga baya mulkin yankin ya koma Tanut. Damagaram kuwa ita ce hedikwatar ƙasar daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai.

Cikin abubuwan farko da suka ja har Damagaram akwai wayar tangaraho. A karon farko saƙo ya rabu da ƙafar raƙumi, abin da ke ɗaukar wata ya koma na wuni guda. To amma wayar ta wa ce? Ta kumandan ce. Da ita ake aiko umurnin haraji, da adadin mutanen da za a kama aikin tilas, da yawan raƙuman da za a karɓa. Lokacin da Kawusan ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, daga Damagaram rundunar ceto ta taso ta bi ta ƙasarmu ta yi arewa. Mai waya ya tara sojoji daga nesa cikin 'yan makonni, wanda ba shi da ita yana jiran mai doki.

Wani abu ya faru a tsakanin nan da ya kamata mu riƙe. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Kayan da a da ke ratsa hamada wata da watanni suka koma bin teku da dogo cikin araha. Ba wanda ya zo Damargu ya nemi shawararmu, ba a kafa ko ƙarfe ɗaya na dogon nan a ƙasarmu ba, amma fataucin Tarabulus da ya ciyar da gidaje da yawa ya durƙushe cikin 'yan shekaru. Abin da aka ƙera a nesa ya sauya mana abincinmu muna zaune.

AKWATIN DA YA SHIGA KOWANE GIDA

Rediyo shi ne fasaha ta farko da talaka ya riƙa da hannunsa. Wani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ya tabbatar da igiyar rediyo a 1887 da 1888, shi ya sa ake auna ta da sunansa: haz, kilohaz, megahaz. A Disamban 1901 Marconi ya tsallakar da saƙo tekun Atlantika ba waya. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Nijar a 1958, a 1962 kuma aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo. Daga 1999 rediyoyin karkara suka fara bazuwa, na farko a Bankilare, har abin ya iso yankunanmu.

Duk wanda ya girma da rediyo ya san kalmar "gajeren zango", ya san "mita 31" da "mita 19". Mu Hausawa da kalmar ayari muka raɗa wa abin suna. Zangon igiya shi ne tsawon taki ɗaya da take yi, kamar tazarar da ke tsakanin tudun rairayi da na gabansa. Mita 31 na nufin kowane taki mita 31 ne. Irin wannan igiyar tana haurawa sama ta bugi wani rufi na iska ta dawo ƙasa, shi ya sa makiyayi a dajin Tenhiya ke kama Landan da 'yar rediyonsa mai batir biyu.

A riƙe wannan bayani na zango, don shi ne mabuɗin sauran maganar.

SALULA DA KUƊIN GERO

A 2001 kamfanin Celtel ya kawo wayar salula Nijar, wanda ya koma Zain, daga baya ya zama Airtel a 2010. Orange ta zo a 2008, yau ita ce Zamani. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom. Sannu a hankali dogayen ƙarafan rezo suka tashi a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas.

Abin da salula ta yi wa kasuwar hatsi an auna shi, kuma a ƙasarmu aka auna. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda rezo ya shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma ragin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna ko masu mugunyar hanya. Dalili a fili yake. A da ɗan kasuwar da zai ci Bakin Birji ranar Litinin sai ya biya mota ya je ya gani da idonsa. Yanzu da kiredin 'yan daloli ya san kuɗin tiya a Agadas da Damagaram kafin ya ɗaure buhu.

Amma kada mu manta, cikin shekarun nan ne aka yi yunwar 2005, kuma Tanut na cikin wuraren da ta fi ƙuntata wa. Waya ta gaya wa mutane inda hatsi yake da kuɗinsa, wanda ba shi da abin saye ya ji labarin ya kwana da yunwarsa.

TO MENE NE TERAHAZ?

Mu koma ga zango. Gajeren zango na BBC mita 31 ne. Na FM wajen mita 3. Na salula mai megahaz 900 kamar santimita 33, bai kai kamu ɗaya ba. Na Wi-Fi wajen santimita 12. Ka ga tun shekara ɗari tafiyar guda ce: zango na ƙara gajarta. In aka kai gigahaz 300, zangon ya zama milimita ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba. Daga wajajen nan ne ake shiga yankin terahaz. Terahaz ɗaya na nufin igiyar na kaɗawa sau miliyan sau miliyan a daƙiƙa guda.

Me ake nema da wannan gajartar? Abu biyu. Na farko, can sama fili ne mai faɗi da ba a cika ba, don haka ana iya tura bayani mai yawan gaske a lokaci ɗaya, kamar bambancin turbar jaki da gudro mai layi goma. Na biyu, girman eriya yana bin tsawon zango. Eriyar gajeren zango sai an kafa mata turaku a fili. Ta terahaz kuwa ana zana ta a kan ƙwayar lantarkin kanta, irin 'yar ƙwayar da ke cikin pus ɗin wayarka.

Tana da nata aibin. Ba ta da dogon numfashi. Bango na tare ta, tafin hannu ma na tare ta, kuma tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye ta. Shi ya sa manyan na'urorin hangen taurari masu aiki da irin wannan igiyar aka kai su hamadar Atakama ta ƙasar Cile, a tudu mai tsayin mita 5,000, inda iska ta bushe ƙarau. Shekaru da yawa kuma masana sun rasa na'ura mai araha da za ta haifar da ita: ta yi wa kayan rediyo sauri, ta yi wa kayan haske nawa. Sai cikin shekaru ashirin ɗin nan aka fara cin ƙarfin matsalar. A wasannin Olamfik na Beijin a 2008, Japanawa sun aika hotunan talabijin ba waya a kan gigahaz 120. A 2017 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko ta sadarwa a wajen gigahaz 300, mai iya kaiwa gigabit 100 a daƙiƙa. Da irin wannan saurin, wayar da ke ɗaukar giga 64 za ta cika cikin daƙiƙa biyar. A 2019 taron duniya kan rabon igiyoyin rediyo da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar ya ware wa sadarwa wasu sassa tsakanin gigahaz 275 da 450. A 2020 masana na jami'ar Nanyang ta Singafo da ta Osaka suka nuna ƙwayar silikon da ke tafiyar da igiyar terahaz a cikinta da saurin gigabit 11 a daƙiƙa.

RUMBUN DA BA NA GERO BA

Saƙon murya da ka tura wa ɗan'uwanka a Libiya ta WhatsApp, da hoton da ka sa a Facebook, ba cikin iska suke rataye ba. Suna bi ta wasu manyan gine-gine cike da dubban kwamfutoci jere a kan kantoci. Mu kira su rumbun bayanai. A cikinsu kowace kwamfuta na magana da 'yar'uwarta ta wayoyi, dubbai a kan dubbai. Wayoyin na cin wuri, suna toshe iskar da ke sanyaya injuna, kuma wayar tagulla tana rage ƙarfin saƙo tana mayar da shi zafi in sauri ya yi yawa. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 waɗannan rumbuna sun sha wajen kashi ɗaya da rabi cikin 100 na dukan lantarkin duniya.

Nan terahaz ta samu gurbi. Rashin dogon numfashinta bai dame ta ba a cikin ɗaki, inda tazarar 'yan mitoci ce tsakanin kanta da kanta, ko 'yan santimita tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Saƙo zai tsallaka kai tsaye, kuma a iya sauya wa zai yi magana da wa ba tare da an kwance waya ko ɗaya ba. Gaskiyar magana dai, har yau wayar gilashi mai aiki da haske ita ke riƙe da rumbunan, terahaz kuwa yawancinta tana ɗakunan gwaji.

Mu ma muna da ƙafa a wannan maganar. A ƙarshen 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin aikin wayar gilashi mai ratsa Sahara. Rabon Nijar ya haura kilomita 1,000, ciki har da reshen Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, da na Arlit zuwa Asamaka har iyakar Aljeriya, tare da gina rumbun bayanai na ƙasa a Yamai. Dubi taswira: hanyar ayari ce ta dawo, daga Bahar Rum zuwa ƙasar Hausa. Kuma duk mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana kuran. Rumbun bayanai ba ya aiki da duhu. Duk fasahar da za ta rage masa cin wuta, ƙasa irin tamu ta fi kowa buƙatarta.

SHAIDAR DA BA A GANI

Kashi na biyu na labarin yaron nan ya fi kusa da mu. Kakanninmu sun daɗe da sanin shaida: Buzu na yi wa raƙuminsa lamba da wuta, Bafillace na tsaga kunnen saniyarsa, kowane gida da irin tasa. Ɓarawo kuma ya daɗe da sanin yadda ake ɓata ta.

Shaidar rediyo, wadda ake kira RFID, 'yar ƙwaya ce mai lamba a ciki, ba ta da batir. In an kusanto da na'urar karantawa sai ta samu ƙarfi ta faɗi lambarta. Irinta ce ke cikin fasfo na zamani. Ta dabbobi na aiki a kilohaz 134.2, ana maƙala ta a kunne ko a ɗura wa dabba ta zauna a tumbi. Ƙasar Botsuwana ta fara sa wa shanunta tun farkon shekarun 2000 don ta riƙe kasuwar namanta a Turai.

Matsalar irin wannan shaidar ita ce eriyarta ta fi ƙwayar girma nesa ba kusa ba, don haka ba ta zama a kan ƙaramin abu. A 2020 masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Ruonan Han, suka ƙera wadda ke aiki a gigahaz 260. Dukanta da eriyarta ba ta kai ƙwayar gero ba, haske ke ba ta ƙarfi, tana ɓoye saƙonta da lambobin sirri, ana karanta ta daga tazarar santimita 5. A 2024 suka ƙara wata dabara: suka zuba ɓarɓashin ƙarfe cikin gam ɗin da ake manna ta da shi. Yadda ɓarɓashin ya watsu ya zama kamar zanen yatsa. In ɓarawo ya ɓamɓare ta ya manna wa kayan jabu, zanen ya lalace, na'ura ta gane.

Wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san amfanin haka. A annobar sanƙarau ta 1995, fiye da mutum 50,000 a Nijar aka yi wa allurar rigakafi ta jabu. A 2015 ma an sake kama irinta a ƙasar. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin goma jabu ne ko maras inganci. Ƙara da takin zamani da irin shuka da maganin dabbobi da muke saye a kasuwa bisa amana kawai. Shaidar da za ta zauna a kan kwalbar allura, wadda ba a iya ɗauke ta a mayar wani wuri, rai za ta ceta.

Dabba kuwa, tazarar santimita 5 ba ta yi mata ba. Ita tsohuwar shaidar kunne ta ishe ta, kuma akwai ta a duniya yau. Abin da ya rage shi ne rajista, da na'urar karantawa a kasuwannin dabbobi, da yardar masu dukiya. Yardar nan ba za ta samu da sauƙi ba, don makiyayin da kakansa ya ɓoye shanu saboda jangali yana da dalilin tambaya: wa zai riƙe lissafin garkena, me zai yi da shi? Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ya kamata mu san da ita tun kafin a zo mana da na'ura.

AMSARMU GA BABA

Baba ya yi gaskiya ta wani gefe. Terahaz ba za ta kawo rezo a rugar da ba ta da shi ba. Wannan aikin dogon ƙarfe ne da pano da batir da hanya, kuma shi ne abin da za mu ci gaba da nema wurin kamfanoni da magadan gari da wakilanmu, daga Gangara da Falanko da Olelewa har Tarka.

Amma "ina ruwanmu" ita ce maganar da tarihi bai yarda da ita ba. Ba mu da ruwa da dogon Kano, ya kashe mana fatauci. Tangaraho ya zo yana hannun mai mulki shi kaɗai, muka sha wuyarsa. Rediyo da salula da suka faɗo hannun talaka, mun ci moriyarsu har a kuɗin tiya. Wannan sabuwar ma za ta iso, wataƙila a jikin kwalin magani ko buhun taki ko katin shaida, kuma ba za a yi shela ba ranar da za ta shigo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaranmu da ke lakwal, mata da maza, a ƙarfafa musu gwiwa kan lissafi da kimiyya, don a samu 'yan Damargu cikin masu girka waɗannan na'urori da gyara su da rubuta dokokinsu. Ƙungiyoyin makiyaya da na manoma su fara tattauna maganar shaida da rajista tun yanzu, su shiga da sharuɗɗansu. Dattawanmu kuma da suka ga zamanin kulob ɗin rediyo, ko suka ji labarin ayari daga bakin iyayensu, a je a zauna da su a naɗi muryarsu tun suna nan. Wayar da za a yi naɗin da ita tana aljihun kowannenmu.